Injin da Ke Ƙarya Ba Ya Saituwa: Shirin Hawa Daino Karo na Farko

Idan mutum ya sa wa motarsa turbo, ko ya canza kamshaf, ko ya zuba manyan nozul da sabbin fistin, injin ya tashi daga wanda kamfani ya ƙera ya koma wani daban. Sai dai kwamfutar da ke tafiyar da shi ba ta san an yi ba. Lissafin da ke cikinta na tsohon inji ne: yawan fetur ɗin da za ta fesa a kowane juyi, da lokacin da za ta ba fulogi wuta. Gyara wannan lissafi shi ne saiti, kuma inda ya fi dacewa a yi shi shi ne kan daino, wato na'urar da ake ɗaure mota a kanta, ta zuba gudu tana wuri ɗaya ana auna ƙarfinta.

Dabarar ta daɗe. Tun 1821 wani injiniya Bafaranshe, Gaspard de Prony, ya fito da birkin da ake matse sandar inji da shi tana juyawa, a auna ƙarfin murɗawarta. Na yau kusan iri biyu ne. Akwai mai ƙatuwar ganga mai nauyi, irin wanda Dynojet ta yi suna da shi: tayoyi su juya gangar, kwamfuta ta fitar da ƙarfi daga yadda gudun gangar ke ƙaruwa. Akwai kuma mai birki, na lantarki ko na matsin mai, irin na Mustang da Mainline da Dynapack, wanda zai iya riƙe inji a juyi 3000 a minti komai takun totur. Na biyun ya fi amfani ga injin da ba a taɓa saitawa ba, domin mai saiti zai tsaya a kowane gurbi na lissafin ya gyara shi a tsanake. A Dynapack ma tayoyin ake cirewa, a ɗaura na'urar a mazauninsu.

Ko wanne aka hau, akwai abin da masu mota ke yawan mantawa: mai saiti ba ya ganin cikin silinda. Abin da ke gabansa lambobi ne da sensa-sensa ke turo masa. Wannan ya ce ga yawan iskar da ta shiga, wancan ya ce ga zafin ruwa, na cikin salansa ya ce ga yadda mai ya ƙone. Da su yake yanke hukunci. To, matsalar da ta fito fili, kamar tiyo ya fashe ko baƙin mai ya tsiyaye a ƙasa, ba ita ce abar tsoro ba. Za a dakata, a sauke mota, a yi asarar lokaci kawai. Abar tsoro ita ce wadda ta ɓuya ta sa lambobin suka yi ƙarya. Mai saiti zai bi ƙaryar ya gyara lissafi a kanta, motar ta yi kyau a ranar, a buga takarda mai daɗin kallo, alhali an rubuta lahanin a cikin ƙwaƙwalwar injin. Duk shirin da ake yi kafin ranar, a ganina, manufarsa ɗaya ce: a tabbatar injin gaskiya yake faɗa.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne yoyon iska a mota mai turbo da ke auna iska da sensan MAF. Sensan yana can gaba, yana ƙirga duk iskar da ta wuce shi. Daga nan iskar ta bi ta turbo, ta bi bututu, ta shiga intakula ta huce, sannan ta isa inji. A ce akwai kilif ɗaya da bai matsu ba a hanya. Idan turbo ya fara hurawa, wani kaso na iskar da aka riga aka ƙirga zai tsere ta nan, amma kwamfuta za ta fesa man da ya dace da iskar gaba ɗaya. Mai saiti ya duba ya ga mai ya yi yawa, sai ya rage, har lambar ta zauna daidai. Bayan wata biyu wani bakanike ya lura da kilif ɗin ya ɗaure shi, da kyakkyawar niyya. Yanzu duk iskar tana shiga, man kuwa an riga an rage shi. A cikakken totur mai ya yi kaɗan, zafi ya hau, kan fistin ya fara narkewa. Mai motar zai zagi mai saiti, ko ya zagi kamfanin fistin, ba zai taɓa tunanin kilif ba.

Maganin wannan ba wuya: a toshe bakin turbo da murfi mai kan iska, a hura da kwamfuresa zuwa matsin da ake sa ran injin zai yi aiki da shi, a saurara, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga inda ke kumfa. Kada a tsaya a rabin matsin, domin akwai mahaɗar da ke riƙe rabin bar (bar ma'aunin matsi ne) lafiya lau amma ta buɗe a bar ɗaya da rabi. Ƙananan tiyon iska kuma, masu zuwa sensan MAP mai auna matsin iskar da ke shiga inji, da na'urar daidaita matsin fetur da westget, kowanne a ɗaure bakinsa. Na westget ya fi kowanne haɗari. Westget ita ce ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga turbo idan matsi ya kai iyaka. Idan tiyonta ya zame, ƙofar ba za ta buɗe ba, matsi ya yi ta hawa babu mai tsayar da shi. A kuma san ƙarfin sifirin da ke cikinta, don shi ne mafi ƙarancin matsin da za a iya samu. Wanda ya sa sifirin na bar 1.2 a injin da ake son a fara gwada shi a hankali ya rufe wa mai saiti hanyar lallaɓawa. Shi ma sensan MAP yana da iyaka: yana ƙirgawa ne har da matsin iskar duniya, saboda haka mai bar 3 bar 2 kawai na hurin turbo zai iya gani. Abin da ya wuce nan, makaho ne.

Ɓangaren salansa ma yana da tasa ƙaryar. Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan an haɗa kilo 14.7 na iska da kilo 1 na mai, abin da ake kira lamda 1. A cikakken totur ana ƙara mai da gangan domin ya sanyaya ɗakin ƙuna: injin da ba turbo yakan zauna wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo wajen 11 zuwa 12. Sensan hayaƙin da ke zuwa da tsofaffin motoci da yawa ba ya iya karanta wannan, iyakarsa ya ce an haura 14.7 ko an gaza. Ana buƙatar mai faɗin karatu, irin Bosch LSU 4.9, kuma ya kamata mazauninsa ya kasance an riga an yi waldarsa a jikin salansa kafin ranar. Abin da sensan ke sansanowa shi ne ragowar iskar oksijin. Idan akwai tsaga ko gaskit mai yoyo kafin a iso gare shi, bugun hayaƙi yakan zuƙo iskar waje, musamman a ƙaramin juyi, sai ya ce mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba ne. Haka nan idan fulogi ɗaya yana tsallake wuta: iskar da ba ta ƙone ba za ta wuce ta kansa, ya sake cewa mai ya yi kaɗan. Mai saitin da bai ankara ba sai ya ƙara mai, fulogi su ƙara baƙi, tsallaken ya ƙaru.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Sensa ɗaya ne, silinda huɗu ko shida ko takwas, don haka matsakaicin su duka yake bayarwa. Idan nozul ɗaya ya toshe kaɗan yana ba da ƙasa da na 'yan'uwansa, lambar da ke kan allo za ta iya zama daidai, ukun suna ɗan yawa, ɗayan yana ƙuna. Wannan ya sa nozul na jabu, ko tsofaffin da aka tsinto ba a gwada ba, suke cikin abubuwan da suka fi cin inji a ɓoye. A kai su a wanke, a auna abin da kowanne ke fesawa, a tabbatar sun yi kusa da juna. A kuma zo da bayanansu na gaskiya: yawan abin da suke fesawa a minti, da ɗan jinkirin da suke yi kafin su buɗe, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kuma yana ƙaruwa idan wutar batir ta ragu. Da manyan nozul, a lokacin da inji ke aiki a tsaye, duk tsawon feshin bai fi wannan jinkirin da yawa ba, shi ya sa kuskure kaɗan a nan ke hana mota zama lafiya a silo.

Girman nozul kuwa lissafi ne da ake yi a takarda tun kafin a saya. Injin turbo mai shan fetur yakan ci wajen fam 0.6 na mai (fam na nauyi, ɗan ƙasa da rabin kilo) a awa ga kowane ƙarfin doki. Mai neman doki 400 daga silinda huɗu yana buƙatar fam 240 a awa, wato 60 ga kowane nozul. Ba a son nozul ya wuce kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na lokacinsa a buɗe, don haka sai a nemi mai fam 75, kusan cc 800 a minti. Idan man E85 za a sha, wanda yawancinsa ethanol ne, a ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari a kai. Famfon mai shi ma haka. Lambar da aka rubuta a kwalinsa, kamar lita 255 a awa ta sanannen famfon Walbro, an auna ta ne a wajen bar 3. Amma a tsarin da mai ke komawa tanki, matsin fetur dole ya riƙa hawa tare da hurin turbo ɗaya bisa ɗaya: huri ya kai bar 1.5, fetur ya kai 4.5. A wannan matsin famfon ba zai ba da 255 ba. Idan kuma ta siririyar wayar kamfani yake samun wuta, abin ya ƙara raguwa. Famfon da ya gaza a babban juyi yakan sa mai saiti ya tsawaita feshi don ya cike giɓi, kuma hakan zai yi aiki a ranar. Ran da aka yi zafi, ko tanki ya yi ƙasa, ko filta ta ƙara datti, giɓin ya fi wanda aka cike. Waya mai kauri da rile daga batir, sabuwar filta, da geji ko sensan da zai nuna matsin fetur a lokacin gudu: waɗannan ukun ba abin tattaunawa ba ne.

Sai taimin, wanda a wurina shi ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci, musamman ga wanda ya cire kwamfutar kamfani ya sa irin su Haltech ko Link ko MoTeC ko MegaSquirt. Kwamfuta tana ba da wuta ne wasu digiri kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin ƙuna tana ɗaukar lokaci, ana son matsi mafi ƙarfi ya faɗo jim kaɗan bayan fistin ya juyo ƙasa. Idan wutar ta yi sammako fiye da kima, ragowar cakuɗen da ke gefen silinda yakan fashe da kansa maimakon ya ƙone a jere. Wannan ce ƙwanƙwasar da ke fasa gefen fistin, ta cinye gaskit ɗin kai, ta daddage metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai. A injin turbo tazarar da ke tsakanin ƙarfi mai kyau da ɓarna ba ta wuce 'yan digiri ba. To, ina amfanin mai saiti ya rubuta 15 idan abin da ke faruwa a karanshaf 20 ne? Sabuwar kwamfuta ba ta san inda fistin yake ba sai an gaya mata. Ana kulle taimin a lamba ɗaya, a ce digiri 10, a haska fulin karanshaf da fitilar taimin, a gyara har abin da ido ya gani ya zama 10. Sannan a ɗaga juyi zuwa 3000 ko 4000 a sake dubawa. Idan alamar tana tafiya yayin da juyi ke hawa, akwai matsala, sau da yawa wayoyi biyun sensan karanshaf mai maganaɗisu ne aka juya. Ita kanta alamar da ke kan fulin abar zargi ce: a tsofaffin fuli masu roba a tsakiya, zoben waje yakan zame ya tafi da alamar. A tabbatar da ƙololuwar fistin na ɗaya ta ramin fulogi kafin a yarda da ita.

Fulogi sababbi ake zuwa da su, da wasu na ajiya. Injin da aka ƙara wa ƙarfi sosai yakan so fulogi mai saurin zubar da zafi, mataki ɗaya ko biyu fiye da na kamfani. A kula, lambobin ba su tafiya iri ɗaya: a NGK da Denso babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch kuwa ƙarama. Ana kuma rage tazarar bakinsa, domin wuta tana shan wahalar tsallakawa a cikin iska mai matsi. Daga wajen milimita 1.1 na motoci da yawa zuwa 0.6 ko 0.7 idan huri ya yi yawa.

Duk wannan ya ginu ne a kan cewa injin kansa lafiyayye ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin matsin silinda minti kaɗan yake ci: inji da ɗumi, totur a buɗe, a ga ko silindojin suna tsakanin kashi 10 cikin ɗari na juna. Wanda ya fi shi faɗin gaskiya shi ne a hura iska cikin silinda fistin yana sama bawul a rufe, a auna kason da ke tserewa, a bi sautin. Ta bakin totur, bawul ɗin shiga ne. Ta salansa, na fita. Ta murfin baƙin mai, ringin. Kumfa a lagireto, gaskit ɗin kai ko tsaga. Saiti ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu, ƙara musu nauyi yake yi.

Idan sabon haɗi ne, akwai saɓani tsakanin masu sana'ar kan ko a fara yawo da shi ringin su zauna, ko a kai shi daino kai tsaye. Masu cewa a yi yawo suna da hujja: a titi ne ƙananan matsaloli ke fitowa, noti ya kwance, tiyo ya taɓa abu mai zafi. Masu cewa a kawo shi suna da wadda ta fi ƙarfi: ringin suna zama ne a farkon rayuwar inji kuma suna buƙatar nauyi a kansu, lissafin wucin gadi kuwa yakan zubo mai da yawa, ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya hana su zama har abada. Ni na fi karkata ga na biyun idan daino mai birki ne kuma ba a amince da lissafin farko ba. Abin da ba a saɓani a kai shi ne kada a bar sabon inji yana ta aiki a silo na tsawon lokaci, kuma sensan hayaƙi ya kasance yana aiki tun tayarwar farko. Mai kamshaf irin na da, wanda ke gogar tafet kai tsaye ba tare da 'yar taya ba, yana da nasa sharaɗin: minti 20 zuwa 30 a juyi 2000 zuwa 2500 da baƙin mai mai sinadarin zinc, tun tashin farko. Bayan zafin farko a juye man, a yanka filta a buɗe takardarta a haske. Ɗan ƙyalli mai laushi a sabon inji ba abin mamaki ba ne. Ɓarɓashi mai launin tagulla ko jan ƙarfe na metal ne, kuma wannan injin ba shi da abin yi a kan daino. Tsohuwar ƙa'idar makanikai ta psi 10 na matsin baƙin mai ga kowane juyi 1000 har yanzu tana da amfani a matsayin ma'aunin farko.

Zafi a ɗakin daino ya fi na titi, domin babu iskar gudu sai ta fanka. A fitar da iska daga hanyar ruwa sarai, don kumfar da ta maƙale kusa da sensan zafi ita ma ƙarya take sa shi. Fankar lagireto ta riƙa tashi da kanta. Sensan zafin iska ya zauna bayan intakula, inda zai ji abin da injin ke shaƙa a zahiri. Batir da caja su riƙe wajen volt 14, wayoyin da ke haɗa inji da jikin mota su kasance a goge a ɗaure. Da yawa daga cikin abin da ake kira aljanun waya daga nan suke fitowa.

Daga inji zuwa ƙasa magana gajera ce. Kulocin kamfani da ya riga ya gaji zai zame daidai inda ƙarfin murɗawa ya kai ƙololuwa, aikin ranar ya tsaya nan. Ana yawan jan mota, wato gwajin gudu a cikakken totur, a giyar da juyin inji da na fitar giyabos suke ɗaya, galibi ta huɗu, kuma a ƙarshen ja tayoyi kan haura kilomita 200 a awa, an kuma danne su da igiyoyi suna ɗaukar zafi. Tsohuwar taya mai tsaga ko faci ba ta da wuri a nan. A duba notin taya, a cire duwatsun da suka maƙale, a san yadda ake kashe na'urar hana santsi, wadda za ta ga tayoyi biyu na gudu biyu na tsaye ta shiga tsakani. Mota mai jan ƙafa huɗu kuma sai daino mai ɗaukar huɗun.

Man da za a zo da shi shi ne man da motar za ta rayu a kai. Wanda ya cika tanki da mai mai babban oktan, wato wanda ya fi jure ƙwanƙwasa, don lambar ranar ta yi kyau, sannan ya koma shan na ƙasa da shi, ya saita injin wata mota ce ba tasa ba. Lambar oktan ma ta bambanta da ƙasa: 93 a famfon Amurka kusan 98 ne a ma'aunin RON da Turai da yawancin duniya ke amfani da shi, abin da ke ruɗar masu kwafo lissafi daga intanet. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki lokacin da ake haɗa injin a zubar da shi, a zuba sabo, tanki ya kusa cika.

Abu na ƙarshe da mai mota zai kawo shi ne gaskiyarsa shi kansa. A rubuta wa mai saiti komai: fistin da kwanrod na kamfani ne ko an canza, nawa ne matsin haɗin silinda, wane kamshaf, wane turbo, wane nozul, wace matsala aka taɓa gani ko da sau ɗaya. Kwanrod na kamfani ba yawan doki a babban juyi ne ya fi lanƙwasa shi ba, ƙarfin murɗawa ne mai yawa a ƙaramin juyi, kuma mai saitin da ya san abin da ke ciki zai iya jinkirta hurin turbo ya kare shi. A kuma sassauta kan lambar da ake buri. Daino biyu ba sa ba mota ɗaya lamba ɗaya, kuma ko a na'ura ɗaya lambar tana canzawa da ƙa'idar gyaran yanayi da aka zaɓa: SAE J1349 tana mayar da sakamako kamar an yi gwajin a digiri 25 na Salshiyas, DIN 70020 kuma a digiri 20 da matsin iska mafi yawa, don haka tata lambar takan fi girma. Amfanin daino shi ne kwatanta ja na farko da na ƙarshe a rana ɗaya a na'ura ɗaya.

Kwamfutocin zamani suna iya yanke mai ko wuta da kansu idan huri ya wuce iyaka, ko matsin fetur ya faɗi, ko na baƙin mai ya sauka, ko lamda ta kauce a cikakken totur. Mai saiti zai kunna waɗannan kafin ja na farko, wanda yakan yi shi a matsin sifirin kaɗai, da taimin mai sassauci, ya ɗaga ƙafa tun kafin ƙarshen juyi ya karanta abin da aka naɗa. Amma ba zai iya kunna kariyar da ba ta da sensa ba. Na matsin fetur da na baƙin mai sai an riga an ɗaura su, an ja musu waya zuwa kwamfuta, an kuma gwada karatunsu da geji na hannu kafin motar ta bar gareji.